Kan Babur da Bayan Mai Shi: Jawabin Magatakardan Ƙungiya a Taron Cika Shekara



Shugaban ƙungiya, Allah ya ƙara maka lafiya. Iyayenmu dattawa da suka kafa wannan tafiya tun muna ƙanana, Allah ya ja da ranku. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Iyayenmu mata da ƴan'uwanmu mata masu sana'a, sannunku da ƙoƙari. Ƴan'uwa da suka ƙetaro daga Kongolam da Mai'aduwa da Daura, da waɗanda suka taso daga Damagaram da Kance da Magarya, sannunku da hanya, Allah ya maida kowa gidansa lafiya.

Kowace shekara aikin ofishin magatakarda a wannan taro shi ne karanta lissafi: abin da aka tara, abin da aka kashe, waɗanda suka shigo, da waɗanda Allah ya yi wa rasuwa. Mun yi wannan da safe. Amma mun roƙi shugaba ya ba mu izinin ƙara magana guda, ya kuwa ba mu. Maganar a kan babur ce. Mu nan mu ce moto, ku can ku ce mashin, abin dai ɗaya ne. A jikin baburin ma, ƙarfe guda za mu yi magana a kansa, wato kan babur, wanda muke riƙewa da hannu biyu tun asuba har magariba.

Mun ga wasu sun yi murmushi, suna cewa a ransu, ina ruwan taron cika shekara da zancen bakanike. Ku yi mana haƙuri ku ji inda maganar ta samo asali.

A ofis muna da littafin taimako. Duk ɗan ƙungiyar da ya kwanta har aka kai masa gudummawa, mukan rubuta sunansa da abin da ya kwantar da shi. Da muka zauna haɗa lissafin bana, sai muka bi littafin shafi-shafi har zuwa na shekarun baya. Idan aka cire zazzaɓin damina da haɗarin hanya, abin da ya fi dawowa a bakin alƙalaminmu shi ne ciwon baya, ciwon wuya da kafaɗa, da mutuwar hannu. Da muka dubi sunayen, sai muka ga yawanci masu yin kasuwa a kan babur ne, kuma da yawansu sa'o'inmu ne, ba tsofaffi ba.

Kun san yadda muka koma kan babur haka. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agusta na 2019, ba ta buɗe ba sai Disamba na 2020. Bayan juyin mulkin watan Yuli na 2023 aka sake rufewa, sai a watan Maris na 2024 aka buɗe. A waɗannan lokuta manyan motoci sun tsaya, jarin mutane da yawa ya karye, wanda yake ɗaukar shatar mota ya koma buhu biyu a bayan babur yana bin kasuwannin ƙauye. Da aka buɗe ma, da yawa ba su sauka ba, domin babur ya fi sauƙin kuɗi kuma yana shiga inda mota ba ta shiga. Yau a cikinmu akwai wanda zai ci kasuwar Mai'aduwa ran Lahadi, ya ci ta Maigatari ran Alhamis, tsakani kuma ya zagaya ƙananan kasuwanni, rabin hanyar kwalta, rabi rairayi da burji. Mutumin da yake awa biyar ko shida a rana a kan babur, baburin ya zama shagonsa, kuma yadda yake zaune a kansa ba ƙaramar magana ba ce.

Abin da muka saba yi idan baya ya fara ciwo kowa ya san shi. Sai a ce basir ne, ko sanyi ne, a sayi jiƙo a sha. Idan bai daina ba a tsaya wurin mai tebur a sayi ƙwaya. Wasu daga ƙananan ƙwayoyi suka hau kan tramol, kuma mun ga inda tramol ya kai ƴaƴan mutane. Ƙwaya tana rufe bakin ciwo na yini ɗaya, gobe kuma a koma a zauna daidai yadda aka zauna jiya. Hausawa sun ce jiki magayi. Jikin yana gaya mana zaman ne bai yi ba, mu kuwa muna toshe masa baki.

Akwai wani babanmu a cikin wannan ƙungiya, yana zaune a nan, ba za mu kira sunansa ba. Mutum ne dogo, mai fataucin fata. Bara ya kwanta har kasuwa uku ta wuce shi, wuyansa ba ya juyawa, yatsunsa biyu na ƙarshe a hannun dama sun mutu. Da ya samu sauƙi ya zo ofis yin godiya, sai ya ce mana yana shawarar sayar da baburin ya haƙura da kasuwa. Muka fita tare mu raka shi. Da ya hau, sai wani bakanike ɗan ƙungiya da ke wurin ya ce, “Baba, tsaya. Wa ya lanƙwasa maka kan nan haka?” Ashe baburin na hannu ne, wani yaron birni ya hau shi kafin ya sayar, ya sa an matse kan ciki an danne shi ƙasa don ya riƙa kurɗawa tsakanin motoci. Baba kuwa shekara biyu yana tuƙi a duƙe, gwiwar hannunsa a manne da haƙarƙari, wuyan hannunsa a karye, kansa a ɗage yana leƙen hanya. Aka cire wannan ƙarfe aka sa masa wanda ya fi tsawo da faɗi. Ba mu ce ya koma saurayi ba, amma bai sayar da babur ba, kuma bana sunansa bai shiga littafin taimako ba.

Kamfani yana ƙera babur da kai iri ɗaya, ya sayar wa dogo da gajere, mai dogon hannu da mai gajeren hannu. Ba wanda zai sayi riga a kasuwa ta yi masa kaɗan ya ce haka Allah ya yi, sai ya kai wa tela. Kan babur ma haka ne, ana gyara shi ya dace da mai shi.

To, yaya mutum zai gane ko nasa ya dace da shi? Ga gwajin da muka koya, ba ya cin ko dala. A kafe babur a kan ƙafarsa ta tsakiya a wuri mai daidai. Ka zauna inda ka saba zama, ka ɗora ƙafafunka a matakansu, ka miƙe bayanka ba tare da ka sandare ba. Ka rufe ido, ka saki kafaɗunka, ka miƙa hannuwa gaba kamar za ka karɓi faranti. Inda hannuwanka suka tsaya da kansu, sai ka buɗe ido ka duba. Idan robar kan tana nan kusa, ka dace. Idan tana can gaba ko can ƙasa har sai ka duƙa kafin ka kama ta, to wannan tazarar bayanka ne yake biyan ta kullum.

Zama mai kyau yana da alamomi. Gwiwar hannu ta ɗan lanƙwashe, don ita ce take shanye dukan gargada kafin ya kai kafaɗa da wuya. Hannun da ya miƙe sambal, duk ramin da tayar gaba ta faɗa sai wuya ya ji shi. Tafin hannu ya kasance ƙasa da kafaɗa. Wuyan hannu ya tafi a miƙe, kada ya karye sama ko gefe. Nauyin jiki kuma ya zauna a kan kujera da ƙafafu, hannu riƙo kawai yake yi. Wanda yake dogare da kai kamar mai dogara sanda, tafin hannunsa yana danne jijiyoyin da ke ratsawa ta nan zuwa yatsu. Akwai wadda take zuwa ƙaramin yatsa da na kusa da shi, akwai wadda take zuwa babban yatsa da biyun da ke biye da shi. Idan aka danne su awa da awanni, ga kuma karkarwar inji, shi ne yatsu suke mutuwa, mutum ya ji kamar ana soka masa allura.

Idan gwaji ya nuna akwai gyara, kada a yi saurin zuwa kasuwa. A fara da abin da yake kyauta. A yawancin baburan da muke ɗaukar kaya da su, noti huɗu ne suke riƙe da kan a tsakiya. Idan aka sassauta su, ana iya juyo kan baya kaɗan ko a tura shi gaba kaɗan. Juyi ɗan kaɗan a tsakiya yana zama tazara mai yawa a wurin riƙo. Daga nan a dubi hannun birki da na kuloci. Mutane da yawa nasu yana kallon sama, duk kama birki sai sun karya wuyan hannu. A sassauta su a sunkuyar, har ya zama idan ka miƙa yatsu sun sauka a kai ba ka ɗaga hannu ba. Robar riƙo idan ta cinye ko ta ƙandare a sa sabuwa mai taushi. Mun ga waɗanda wannan kaɗai ya wadatar da su.

Wanda wannan bai ishe shi ba, shi ne zai sauya ƙarfen. Abu huɗu ake dubawa wajen saye. Na farko kaurin bututun. Ƙananan babura irin namu yawanci milimita 22 ne. Akwai masu kauri na manyan babura, ba za su zauna a mazaunin namu ba, totur da makunnin fitila ma ba za su shiga ba. Mafi sauƙi a tafi da tsohon a gwada. Na biyu tsawonsa sama, wato yadda ya tashi daga tsakiya. Na uku faɗinsa. Mai faɗi ya fi ba da ƙarfin riƙe tayar gaba a cikin rairayi, amma idan ya wuce kima yana buɗe kafaɗa ya gajiyar da ita, kuma zai riƙa kamo rumfunan mutane a lungun kasuwa. Na huɗu yadda bakinsa biyu suka komo baya wajen mai tuƙi, domin wannan ne yake daidaita wuyan hannu. Ƙarin yatsa biyu ko uku a tsawo yakan isa. Wanda ya sa kai mai tsawo kamar ƙahon bijimi har hannunsa ya wuce kafaɗa, ya gudu daga wani ciwo ya faɗa wani, kuma tayar gaba ba za ta riƙa jin maganarsa sosai ba.

A kuma dubi ingancin ƙarfen. A leƙa bakin bututun a ga kaurin jikinsa, a ɗaga a ji nauyinsa. A tsakiya, inda ake danne shi, ya kamata a ga kaushi kamar na magagari, shi ne yake hana shi juyawa idan an taka rami. Mai sulɓi, mara nauyi, mai ƙyalli kawai, a bar wa mai shago kayansa. Araha ba ta ado, a nan ma tana iya kisa. Masu babur mai rufin roba a kai, wanda ƴan'uwanmu na ƙetare suke kira roba-roba, nasu ƙirar daban ce, fitila da agogo duk a jikin kan suke, don haka su tsaya ga gyaran hannun birki da robar riƙo da kujera.

Yanzu mun zo wurin da ya fi nauyi, muna roƙon matasanmu su kasa kunne. Kan babur ba shi kaɗai yake tafiya ba. Wayar totur, wayar kuloci, wayar birkin gaba ko tiyon mai ga masu birkin faifai, da wayoyin lantarki na fitila da hon, duk a jikinsa suke, kuma kamfani ya yanke su ne daidai tsawon kan da ya zo da baburin. Idan ka ɗaga kai ba ka duba su ba, za su ɗame. A tsaye ba za ka gane ba, sai ka karya kwana.

Wani ƙanenmu ɗan ƙungiya ya ga an yi wa babanmu gyara ya ji daɗi, sai ya je ya sayi kai mai tsawo, ya ba wani yaron gareji ya ɗaura masa cikin gaggawa don yana son ya ci kasuwa washegari. Ya fita lafiya, ya yi tafiya lafiya a kan miƙaƙƙiyar hanya. Da ya zo shiga kasuwa ya karya kan gaba ɗaya, wayar totur ta ɗame ta ja mai da kanta, babur ya zabura da shi da buhu biyu na barkono ya afka rumfar mai tireda. Allah ya tsare ba a rasa rai ba, amma ya karye a ƙashin wuya, ya biya ɓarnar da ya yi, ya yi jinya wata biyu. Garin gyaran gira ya kusa rasa ido. Mun kai masa gudummawa, kuma shi da kansa ya ce mu faɗi labarinsa a nan don kada wani ya maimaita.

Saboda haka duk wanda zai sauya kai, ya tsaya a kan bakanikensa har a gama, kada ya bar babur ya tafi shan shayi. A shimfiɗa tsumma a kan tanki kafin a kwance komai. A daidaita kan ya zauna tsakiya, gefe da gefe tsawo ɗaya. A ɗaure noti huɗun nan kaɗan-kaɗan bi da bi, ba a ƙulle ɗaya tam sannan a koma kan saura ba. A wasu babura gidan makunni da gidan totur suna da ɗan haƙori a ciki wanda yake shiga wani ƙaramin rami a jikin ƙarfen. Idan sabon ƙarfe ba shi da ramin, a auna a huda masa, kada a fasa haƙorin, domin shi ne yake hana gidan totur juyawa a hannunka. Idan waya ta yi gajarta a sayi doguwa, kada a ja ta da ƙarfi a ce za ta saba.

Kafin a biya kuɗin aiki, a yi wannan gwaji a gaban bakanike. A sa babur a firi, a tada inji a bar shi yana aiki shi kaɗai. A karya kan zuwa dama har ƙarshe, a karya zuwa hagu har ƙarshe. Idan ƙarar injin ta tashi ko kaɗan, aiki bai yi ba. A kashe inji, a murɗa totur a saki, ya koma da kansa nan take, kan yana miƙe ko yana karye. A kama birki da kuloci a kowane gefe. A duba kada kan ya bugi tanki ko ya matse babban yatsa. A gwada hon da fitila, a gyara madubi. Sannan a zagaya unguwa ba kaya, kafin a yi lodi. Bayan tafiyar farko a sake bin notin da sifana.

Wani abu kuma da muka saba, idan babur ya faɗi kan ya lanƙwashe, sai a kai wa mai walda ya gasa shi ya miƙe, ko a zura masa bututu a banƙare. Ƙarfen da ya lanƙwashe aka miƙe shi ya riga ya yi rauni, kuma yakan tsage ne kusa da wurin da aka danne shi, inda ido ba ya gani. Haka wanda aka yanke aka yi masa ƙari da walda. Ku tuna, ranar da ƙarfen nan zai karye, a kan gudu zai karye, da kaya a baya. A sauya shi kawai.

Gaskiya kuma ita ce, akwai ciwon da sabon kai ba zai yi maganinsa ba, domin mu muke jawo shi da lodi. Mukan cika kariya, mu cika kujera, har mai babur ya rasa wurin zama ya koma kan tanki, ƙirjinsa a kan agogo, gwiwarsa tana taɓa kan. Wasu kuma su ɗora buhu a tsakanin hannuwansu, su rataya leda da jarka a jikin kan. Wanda yake zaune haka, ko kan zinariya aka sa masa bayansa zai yi ciwo, kuma ba zai iya karya kai ya kauce wa jaki ko yaro ba. Mun san abin da yake sa haka, mai ya yi tsada, kowa yana son sawu ɗaya ya yi aikin sawu biyu. Amma ku lissafa ribar buhun nan na ƙari, ku lissafa kasuwa uku a kwance da kuɗin magani, ku ga wanne ya fi. A bar wa mai tuƙi wurin zamansa. A duba iskar taya da shokar baya. A doguwar hanya a riƙa tsayawa a sauka a miƙe, lokacin salla ma ya ishe mu ma'auni.

Mu ba likitoci ba ne, amma akwai alamomin da ba na bakanike ba ne. Ciwon baya da yake sauka cikin ƙafa har ta mutu ko ta yi rauni, hannun da abu yake suɓucewa daga cikinsa, mutuwar yatsu da ba ta sakewa ko an kwana, fitsari ko bayan gida da ya ƙi riƙuwa, ko ciwon ƙirji mai tafiya cikin hannun hagu, duk wanda ya ji ɗaya daga cikinsu ya ajiye babur ya tafi asibiti, kada ya jira ranar kasuwa ta wuce.

Daga ƙarshe muna da roƙo guda ga shugaba da dattawa. A cikinmu akwai kanikawa ƴan ƙungiya, a wannan ɓangare da wancan. Muna neman a ware rana ɗaya bayan an gama girbi, kowa ya kawo baburinsa ƙofar ofis, a zaunar da shi a kai, a duba zamansa, a gyara abin da sifana za ta iya gyarawa nan take, wanda yake bukatar sabon ƙarfe ko doguwar waya a rubuta sunansa mu haɗa kuɗi mu sayo a sari. Ofishin magatakarda zai riƙe rajista. Baɗi war haka, idan Allah ya kai mu, za mu buɗe littafin taimako a gabanku mu ga ko sunayen masu ciwon baya sun ragu. Idan ba su ragu ba ma za mu faɗa muku.

Dattawanmu sun yi wannan fatauci da jaki da raƙumi, kuma ba wanda a cikinsu yake ɗaura wa dabbarsa kaya bai gyara mata akumari ba, don ya san idan bayanta ya yi miki tafiya ta tsaya. Yau dabbar ta zama ƙarfe, bayan da yake yin mikin namu ne, kuma akwai mata da yara da tsofaffi a gida da suke jiran abin da wannan bayan zai ɗauko.

Allah ya ƙara wa ƙungiyarmu albarka da haɗin kai. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya tsare mu a kan hanya, ya zaunar da ƙasashenmu biyu lafiya. Abin da muka faɗa daidai Allah ya amfane mu da shi, inda muka yi kuskure ku yafe mana.